Sa hannun David Cox kaɗai ba ya yanke farashi

Malam, ka tambaya ko sa hannun David Cox da ke jikin zanen fentin ruwa na karkarar Ingila da ka saya ya isa ka san abin da zai yi a gwanjo. A'a, bai isa ba. Cox, wanda ya rasu a 1859, yana da ɗa mai irin sunansa, shi ma mai zane, kuma kuɗin aikin ɗan bai kama ƙafar na uban ba. Ga kuma jabu. Ɗauki hoton gaba da baya ka aika wa gidajen gwanjo na Bonhams ko Christie's su kimanta. Don Allah kar ka ɓamɓare takardun da ke liƙe a bayan firam, su ne shaidar hannayen da zanen ya bi.

Ni abin da na fi dubawa shi ne launi. Masu zanen lokacin sun yi amfani da shuɗin baba sosai, shi kuwa ba ya jure rana. A ɗaga kwalin da ya rufe gefen takardar a hankali: in ka ga siririn layi shuɗi shar a ɓoye, alhali sararin sama ya koma ja-ja, to zanen ya koɗe, farashinsa zai faɗi ƙwarai ko da na uban ne, kuma babu mai gyaran da zai dawo da launin.