"Ruwa ba ya tsami banza": wa zai kawo hujja?

Tambaya: Malam, abokina ya ce baƙo ya sauka gidansu, washegari ɗansa ya kwanta da zazzaɓi, don haka baƙon ne sanadi. Da na musa sai ya ce ai ruwa ba ya tsami banza, wai in kawo hujjar cewa ba shi ba ne. Karin maganar ta ba shi gaskiya?

Amsa: Ba ta ba shi ba. Abin da ta ce shi ne komai da musabbabinsa, iyakarta ke nan. Ba ta faɗi abin da ya sa ruwan tsami ba, balle ta ambaci sunan wani. Ina takaicin yadda ake ɗaukar wannan magana mai hikima ana shafa wa bayin Allah kashin kaji da ita.

Bahaushen da ya faɗe ta shi ne kuma ya ce faɗuwa ta zo daidai da zama, wato abu biyu kan haɗu ba tare da ɗaya ya jawo ɗaya ba. Idan zazzaɓin cizon sauro ne, cutar kan yi kwana 7 ko fiye a jiki kafin ta bayyana, ka ga ta riga baƙon shiga gidan. Mutanen Italiya sun daɗe suna ɗora wannan cuta kan mugunyar iskar fadama, daga nan ma sunan malariya ya samo asali. Sai a 1897 wani likita ɗan Birtaniya mai suna Ronald Ross ya ga ƙwayar cutar a cikin sauro a Indiya. Mutanen Italiya sun yi daidai da suka zargi fadama, sauron da ke ƙyanƙyashewa a cikinta ne ba su lura da shi ba.

Batun hujja kuwa, a wuyan abokinka take. Hadisi na 33 cikin Arba'una ta Imam Nawawi ya nuna kawo shaida na kan mai da'awa, rantsuwa kan wanda ya musa. Kai ba ka ce ga sanadi ba, cewa ka yi ba ka gamsu ba. Idan mutum ya ce zai haɗiye gatari, riƙe masa ƙota kawai ake yi.

Ka tambaye shi cikin lalama: an gwada jinin yaron? Bai taɓa zazzaɓi ba kafin zuwan baƙon? Baƙi nawa suka kwana gidan ba wanda ya kwanta? In bai amsa waɗannan ba, zato yake yi, kuma ya ji tsoron Allah game da mutuncin baƙon nan.