Tambaya da Amsa: Guntun Katakon Jirgin Yaƙin Missouri

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Na ga ana tallar wani guntun katako da wata sulalla ta tagulla a intanet, an ce na tunawa da jirgin ruwan yaƙin Amurka ne mai suna Missouri, wanda ya daɗe da yin ritaya. Ina da sha'awar tarihin Yaƙin Duniya na Biyu ƙwarai, amma ina gudun kada in zuba kuɗina a kan jabu. Me ya ba waɗannan abubuwa daraja, kuma ta yaya zan gane na ainihi?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Darajarsu daga tarihin jirgin ta samo asali. Missouri ya fara aiki a shekarar 1944, kuma a kan doronsa ne, a mashigin ruwan Tokyo, wakilan Japan suka rattaba hannu kan takardar miƙa wuya ranar 2 ga Satumba, 1945, a gaban Janar Douglas MacArthur na Amurka. Ya sake shiga fagen daga a yaƙin Koriya, aka jingine shi a 1955, aka dawo da shi bakin aiki a 1986, ya harba makamai a Yaƙin Tekun Fasha na 1991, sannan aka yi masa ritaya ta ƙarshe a 1992. Tun 1999 yake karɓar baƙi a matsayin gidan tarihi a Pearl Harbor da ke Hawaii, inda wani faifan tagulla da aka kafa a daben jirgin yake nuna daidai wurin da aka sa hannun.

Batun sulalla mai sauƙi ne. Irin waɗannan sulalla, da huluna masu ɗauke da sunan jirgin da lambarsa ta BB-63, ana ƙera su da yawa har gobe, kuma galibinsu ba su taɓa hawa jirgin ba. Babu laifi a saye su don sha'awa, muddin dai ba a sayar maka da su a farashin kayan tarihi ba.

Katakon ne yake buƙatar natsuwa. An shimfiɗe daben jirgin da wani katako mai jure ruwa da rana, kuma idan ya tsufa akan ɓamɓare shi a sa sabo, sai a yayyanka tsohon a mayar da shi abin tunawa, kuɗin kuma ya koma hidimar gyaran jirgin. Wannan tsohuwar al'ada ce, domin a Ingila ma an sha sassaƙa ƙananan kayayyaki da katakon jiragen yaƙin da aka wargaza, a manna musu ɗan allon tagulla mai sunan jirgin. To amma katako ba ya magana, kuma ɗan allon tagulla kowane maƙeri zai iya bugawa. Don haka ka nemi mai sayarwa ya nuna maka takardar shaida daga hukumar gidan tarihin, ya kuma faɗa maka hannun da abin ya bi kafin ya iso gare shi. Ko da katakon na jirgin ne, kada ka ɗauka lallai shi aka taka ranar miƙa wuya, tunda jirgin da ya yi wannan tsawon rai ya sha gyara.

Abin da ya fi sosa mini rai cikin kayan tunawa da wannan jirgi shi ne ɗan katin da aka raba wa waɗanda suka halarci bikin na 1945, mai shiga aljihu, ɗauke da sunan mutum da shaidar cewa ya ga abin da idonsa. Mai sayen irin wannan kati ya sani cewa wani da ya halarci bikin ne ya adana shi shekara da shekaru, wataƙila jikokinsa ne suka rabu da shi. Ana kwaikwayonsa, saboda haka sai a binciki sunan da ke kai, a tabbatar mutumin yana cikin jirgin a ranar.

Idan aka yi maka tayin ƙararrawar jirgin yaƙin Amurka kuwa, ka ja da baya, domin bisa ƙa'ida mallakar rundunar sojojin ruwan ƙasar ce ko bayan ritayar jirgi, aronta kawai take bai wa gidajen tarihi. Game da katakon da ka gani, shawarata ita ce ka tura wa gidan tarihin hotonsa da na takardarsa, ka jira amsarsu kafin ka biya ko sisi.