Amsa ga ƙanenmu ɗan SS3 mai tambaya kan DNA da jinotayif

Salamu alaikum 'yan zaure. Ƙanena da ya yi tambaya jiya da dare, ka ce WAEC ta matso kuma duk sanda malami ya shigo maganar DNA da kuromosom da jiin sai kanka ya ɗau zafi, ka haddace ma'anoninsu amma da an juya tambaya sai ka rasa ta ina za ka kama, sannan ka ƙara da cewa an yi maka gwaji an ce kai AS ne kuma ba ka ga haɗin wannan da abin da ke cikin littafi ba. Shekarata goma sha ɗaya ina koyar da bayoloji a sakandare nan cikin garin Sakkwato tun bayan da na gama Danfodiyo, kuma wallahi tambayar taka ta biyu ita ce makullin ta farko. In ka gane yadda anka yi ka zama AS, to ka gane rabin darasin ga, don haka ka ɗan yi haƙuri da tsawon rubutun.

Mu fara da inda abin yake. Jikinka ƙananan ƙwayoyi ne da ake kira sel, ido ba ya ganinsu, a tsakiyar kusan kowace akwai wani ɗan ɗaki, nukiliyas, to a cikin ɗakin nan DNA take. Ita DNA zare ce, dogon zare siriri, wanda ke cikin sel guda in anka miƙe shi zai kai kamar mita 2. To ta yaya mita 2 za ta shiga abin da ido ba ya gani? In ka taɓa ganin tsohuwa tana kaɗi ka ga yadda zare ke naɗuwa a jikin mazari har ya zama ɗan dunƙule a tafin hannu, haka ita ma take naɗe a jikin wasu furotin, kuma wannan naɗaɗɗen shi ne kuromosom. Mutum yana da 46, wato 23 daga uwa 23 daga uba. Ka ga ke nan DNA da kuromosom ba abu biyu ba ne da za ka haddace daban-daban, zare ne da naɗinsa.

Zaren kuma rubutu ne a jikinsa, amma da harufa huɗu kacal, A da T da G da C. Siffarsa kamar tsani ne da anka murɗe, kowane mataki harafi biyu ne sun riƙe juna, A ba ta riƙe kowa sai T, G kuma sai C. Ka riƙe wanga da kyau don shi ne sirrin kwafi, in sel za ta rabu biyu sai tsanin ya tsage ta tsakiya, kowane ɓari ya cike abokinsa, sai ga tsani biyu iri ɗaya. Kuma nan ne masu jarrabawa ke son kama yara, su ce in A kashi 30 ce cikin 100 nawa ne G, to T ma 30 ce, saura 40 a raba biyu, G 20 C 20, shi ke nan.

Tarihin ba shi da yawa a jarrabawa amma ka san waɗannan. Wani ɗan Suwizalan, Friedrich Miescher, shi ya fara ciro abin a 1869, kuma daga mugunyar da ke jikin bandejin majinyata ya ciro shi. Siffar murɗaɗɗen tsani Watson da Crick sunka bayyana ta a 1953 a Kambirij ta Ingila, sun dogara sosai da hoton da anka ɗauka a ɗakin binciken Rosalind Franklin, baiwar Allah da ta rasu a 1958 kafin a ba da kyautar Nobel ta aikin a 1962. Kullum sai na faɗi sunanta a aji saboda 'yan matan da nake koyarwa.

To mi ne ne jiin? Wani yanki ne na zaren wanda ke ɗauke da bayanin yadda za a haɗa abu guda, galibi furotin, ni a aji ƙwayar gado nake ce mishi. Muna da kamar 20,000 masu haɗa furotin a cikin harufa wajen biliyan 3. Yadda ake karanta shi kuma, ka ɗauka akwai wani littafi a laburare da anka hana fita da shi, mu lokacin da muke jami'a sai dai ka zauna ka kwafe shafin da kake so a takarda ka fita da takardar. DNA ce littafin, ba ta barin nukiliyas, takardar da anka kwafa ita ce RNA, ita tana sa U a gurbin T, sai ta fita ta je wurin raibosom inda ake aikin. Shi raibosom harafi uku-uku yake karantawa, kowane uku ana ce mishi kodon, kuma kowane kodon yana kiran amino asid guda a jera shi kamar ana shirya tsakiya a zare. Kodon 64 ne, amino asid 20, AUG ke buɗe karatu, UAA da UAG da UGA ke rufewa. Jerin da anka samu shi ne furotin.

Yanzu ga inda nake son ka natsu. A cikin jan jininka akwai furotin mai ɗaukar iskar da kake shaƙa, himogulobin. Ƙwayar gadon ɗaya daga sassansa tana kan kuromosom na 11, sashen kuma amino asid 146 ne a jere. A gurbi na 6, inda ya kamata a rubuta GAG, a wurin wasu mutane GTG ke nan. Harafi ɗaya, A ta koma T. Kamar ka so rubuta kura ka rubuta ƙura, ko baki ka rubuta baƙi. Saboda harafin nan sai a sa amino asid ɗin da ake kira balin a inda ya kamata a sa wanda ake kira gulutamik asid, kuma duk lokacin da iska ta yi ƙaranci a jini sai irin wannan himogulobin ya riƙa mannewa da juna yana yin dogayen sanduna, ƙwayar jinin da ya kamata ta zama kewayayya mai laushi sai ta lanƙwashe kamar lauje ta yi tauri ta toshe ƙananan hanyoyin jini. Sunan sikila ma daga sunan lauje a Turanci ya fito. Lafiyayyar ƙwayar jini tana kai kwana 120, mai laujen nan kwana 10 zuwa 20 ta mutu, shi ya sa jini ba ya isar su, ido ya yi ɗorawa.

Ni ba a littafi kawai na san wannan ba. Ɗiyar yayana tana da wata takwas hannuwanta da ƙafafunta sunka kumbura, ko zanen goyo ya taɓa ta sai ta ƙwalla ƙara, uwar ta kwana uku a zaune da ita a cinya. A gida kowa da abin da yake faɗi, wannan ya ce shawara ce, wannan ya ce iska ce, an jiƙa wannan an turara wancan, sai da munka kai ta asibiti anka gwada anka ce SS ce, amosanin jini. Kakarta ta ce ai lafiya lau anka haife ta, kuma gaskiyarta ne, don jariri yana zuwa da wani himogulobin na cikin ciki wanda sai bayan kamar wata shida yake ja baya, sannan ciwon ya nuna kansa. Yanzu tana aji biyu na ƙaramar sakandare, yarinya mai kai, amma duk hunturu in sanyin asuba ya sauko hankalinmu ba ya kwanciya, rigar sanyi biyu, ruwa a gora kullum a jakarta. Ranar da na tsaya gaban allo ina rubuta GAG da GTG bayan na kwana a asibiti da ita, alli sai da ya yi rawa a hannuna.

Yayana da matarsa kuma ba wanda ya taɓa ciwon ga, to daga ina? Ka tuna kuromosom biyu-biyu suke, na 11 ɗinka guda biyu ne, ɗaya na uwa ɗaya na uba, don haka ƙwayar gadon ma biyu gare ka. Lafiyayyar ana ce mata A, mai T ɗin nan kuma S, to in duka biyun lafiyayyu ne kai AA ne, in ɗaya ce mai T ɗin nan kai AS ne, mai lafiyar tana riƙe ka, in duka biyun ne SS. Wannan haɗin biyun shi ake kira jinotayif, abin da ya bayyana a jiki kuma finotayif. Gregor Mendel shi ya gano wannan tsari da waken fis a lambu, ya buga a 1866 ba wanda ya kula sai a 1900, shi ya ga cewa siffa tana iya ɓoyewa a 'ya'ya ta sake bayyana a jikoki, uku masu rinjaye ɗaya mai ɓuya. In ka zana akwatin Punnett (ɗan jadawalin da ake haɗa ƙwayoyin gadon uwa da na uba a ga abin da 'ya'ya ka iya gada) na AS da AS za ka samu AA ɗaya, AS biyu, SS ɗaya.

Amma nan ne kusan kowa ke kuskure, har manya masu ilimi. Sai ka ji an ce ai cikin 'ya'ya huɗu ɗaya ne kawai zai yi, wasu ma su ce na huɗun ne, in mun tsaya a uku mun tsira. Ba haka ba ne ko kaɗan. Kowane ciki sabon lissafi ne, kashi 25 cikin 100, ba ruwansa da wanda ya gabace shi. Ni yadda nake nuna wa ɗalibai, kwano biyu nake kawowa, ɗaya uwa ɗaya uba, kowanne da farin wake da jan wake daidai wa daida, yaro ya rufe ido ya ɗauko ɗaya nan ɗaya can, a rubuta a mayar, a yi ta yi har sau arba'in. In an tara na aji duka sai ka ga ya kusanci ɗaya cikin huɗu, amma kusan kowace shekara sai an samu wanda ya ɗauko ja da ja sau biyu ko uku a jere, sai ajin ya yi tsit. Yayana 'ya'yansa biyar, biyu SS ne. Kuma auren zumunci sunka yi, ɗan wa da ɗiyar ƙane, ba wai zumuncin ke ƙirƙiro ciwon ba, a'a, sai dai in kaka ɗaya ya ɗauko S to damar ku biyun ku gaje ta ta ƙaru.

Za ka ce to mi ya sa S ta yi yawa a wurinmu, har Najeriya ta fi kowace ƙasa yawan jariran da ake haifa da sikila? Zazzaɓin cizon sauro ne. Mai AS yana da ɗan kariya daga zazzaɓi mai tsanani musamman yana yaro, Anthony Allison ya nuna haka a 1954 a gabashin Afirka, don haka a ƙasashen sauro masu AS sun fi rayuwa su haihu su miƙa ta gaba. Kar ka ce don haka ka daina shiga gidan sauro, kana kamuwa kai ma.

Kai da kake AS ba majinyaci ba ne, ka ci gaba da harkokinka. Sai dai in lokacin aure ya yi a yi gwaji tun kafin magana ta yi nisa, tun kafin a kai kuɗin gaisuwa, don na ga yadda rabuwa ke ciwo bayan an sa rana. Ka kuma sani bayan A da S akwai wata da ake kira C, ita ma a gurbi na 6 ɗin nan take amma amino asid laisin take sawa, kuma SC ma ciwon sikila ne. Gwajin da anka yi maka ba DNA ɗinka anka karanta ba, himogulobin anka ware da lantarki anka ga layin A da layin S, ita jar ƙwayar jini in ta balaga ko nukiliyas ba ta da shi. Wanda anka ƙara wa jini kwanan nan sakamakonsa na iya ruɗewa, kuma ba laifi ka sake gwadawa a wani wuri mai inganci. Rukunin jini su A da B da O kuma wani abu ne daban, nasa yana kan kuromosom na 9, kar ka haɗa su a jarrabawa.

Wani abu da ba zan wuce ban faɗa ba, kuromosom na 23, mace XX ce namiji XY. Uwa X kawai take bayarwa, daga wurin uba X ko Y ke zuwa. Duk matar da ake goranta wa don tana haihuwar 'ya'ya mata zaluntarta ake yi, kuma ina gaya wa ɗalibaina maza wannan tun yanzu.

Sauran na cikin littafi za ka same su da sauƙi in ka duba kewayenka. Mai kiwon da ke ware bunsuru ja tas don kar jar akuyarsa ta gauraya, ko mai zaɓen bijimin Gudali, ilimin gado yake yi ko bai taɓa jin sunan Mendel ba, kuma shi zai gaya maka rago biyu uwa ɗaya uba ɗaya in ɗaya ya samu dusa da harawa ɗaya bai samu ba, ba za su zo ɗaya a kasuwa ba, gado da muhalli ke nan.

In kana son ganin DNA da idonka, albasa dai ba ta yi mana wuya a Sakkwato. Ka daka rabin albasa lugub, ka zuba ruwa rabin kofi da gishiri ɗan kaɗan da cokali ɗaya na sabulun wanke-wanke na ruwa, ka juya a hankali kar ya yi kumfa, ka bari minti goma, ka tace da tsumma mai tsabta a kofin gilashi. Sai ka samo sifirit na kemis wanda ya yi sanyi ƙarara a firij, ka karkata kofin ka zuba shi a hankali ta gefe ya hau sama, nesa da wuta. Ka jira kaɗan za ka ga wani abu fari-fari kamar majina yana tasowa tsakanin ruwan biyu, ka sa tsinke ka naɗo shi. Dakan ya fasa bangon sel, sabulun ya narkar da fatar sel da ta nukiliyas, gishirin ya sa zaren ya dunƙule, sifirit kuma DNA ba ta narkewa a cikinsa.

Ga aikin gida, ka zana akwatin Punnett na AS da SS, da kuma na AS da AC, ka turo nan zaure kashi nawa ne masu ciwo a kowanne, zan duba bayan sallar isha'i in sha Allahu.