Tambaya da Amsa: Daga Marakesh zuwa Sawira a bas

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni da maiɗakina da mahaifiyata za mu yi kwana biyar a Marakesh, ƙasar Maroko, kuma muna so mu leƙa Sawira, tsohon garin nan na bakin teku. Akwai jirgin ƙasa ko sai mota? Za mu iya zuwa mu dawo rana ɗaya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Layin dogo bai kai Sawira ba, sai dai bas. Nisan bai cika kilomita 200 ba, amma ka sa awa uku a lissafinka, har da ɗan tsayawar da ake yi a hanya, kamar minti 20, don shan ruwa da kewayawa. A jikin tikiti Essaouira za ka ga an rubuta, kada sunan ya ruɗe ka.

Tunda da Hajiya a tafiyar, ku nemi kamfanin bas na Supratours ko na CTM. Motocinsu na tashi kan lokaci, ba a jiran a cika, kowa da lambar kujerarsa. Mun fi karkata ga Supratours: tasharsu na daf da tashar jirgin ƙasa ta Marakesh, kuma a can suna sauke mutane kusa da Bab Marakesh, ɗaya daga ƙofofin ganuwa. Akwai motoci masu sauƙin kuɗi a babbar tashar mota ta Marakesh, sai dai suna yawan tsayawa ɗauka da saukewa, ga 'yan kamasho da ke ja wa baƙo hannu.

Inda baƙi suka fi tuntuɓe shi ne kaya. Tikitin kujera bai haɗa da jakar da za a sa a ƙarƙashin mota ba. Sai ka biya mata 'yan dirhami, a manna mata takarda, a ba ka rabin. Wanda ya iso a ƙurarren lokaci yana kan wannan layin mota za ta tashi. Ku iso da rabin awa, da canji a aljihu. Ka sayi tikiti tun ana jajibirin tafiya, na dawowa kuma kana sauka, domin motocin yamma su ke fara cika.

Mota ba ta shiga cikin ganuwa. Idan masaukinku na ciki, masu amalanke ne za su tura kayan. Ku yi ciniki kafin a ɗora jaka, ba bayan an sauke ba.

Zuwa da dawowa rana ɗaya yana yiwuwa, amma awa shida a zaune ba ƙaramin aiki ba ne ga dattijuwa. Ku kwana ɗaya. Garin ya cancanta: Sarki Sidi Muhammad bin Abdullah ne ya gina shi a shekarun 1760, ya zama mashigar hajar ayarin da ke tahowa daga Tambutu, kuma UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2001. Ku hau Skala, wato katangar tsaron garin ta bakin teku, inda tsofaffin igwa ke jere suna fuskantar teku.

Tambaya: Ina so in kai yara wanka a tekun a watan Yuni. Lokacin ya yi?

Amsa: Hajiya, kada zafin Marakesh ya yaudare ki. Iska ce ke mulkin Sawira da bazara, tana watsa yashi a ido, ruwan kuma da sanyi. Ki kai su da safe kafin ta taso, ki riƙe musu rigunan sanyi, za su yi amfani har a cikin bas saboda na'urar sanyaya. Galibi a watan ne kuma ake bikin kiɗan Ginawa (Gnawa, wani kiɗan gargajiya na Maroko) a garin, wanda aka fara a 1998. Ki duba ranakunsa tukuna, don a kwanakin nan kujerar bas da ɗakin kwana duk wuya suke yi.