Amsa ga ɗan'uwan da kotun ɗaukaka ƙara ta soke cinikin hannun jarinsa

Salamu alaikum. Malam, sau uku na karanta tambayarka, wallahi kamar labarina kake bayarwa. Ka ce kotun ɗaukaka ƙara ta ce cinikin hannun jarin da ka yi bai ƙullu ba saboda ba a nemi yardar sauran masu kamfanin ba, kana tambaya ko kuɗinka za su dawo. A doka haƙƙinka ne, domin ciniki in ya rushe kowa zai mayar da abin da ya karɓa. Amma ka ɗauko takardar hukuncin yanzu, ka duba ƙarshenta: an rubuta a biya ka, da adadin kuɗin? A nan ni na ƙone.

Ni wan matata ne ya sayar mini da kasonsa a wani kamfanin tireloli masu ɗaukar kaya daga Ngaundere zuwa Kusiri, miliyan 12 na sefa. Ban san dokar OHADA, wato dokar kasuwanci ta bai ɗaya da Kamaru da wasu ƙasashen Afirka ke bi, ta ce a kamfani irin SARL, wanda asarar kowane mai kaso ba ta wuce jarin da ya zuba, in takardun kafa shi ba su tsara wani abu daban ba, sai masu kashi uku cikin huɗu na sauran jarin sun amince kafin bare ya shigo. Shi ya sani sarai, bai sanar da kowa ba. Lauyana na farko abu ɗaya ya roƙa a babbar kotun Garwa: a tabbatar ni mai kaso ne. Muka ci, ɗaya ɓangaren suka ɗaukaka ƙara, aka rushe komai. Hukuncin ko kalma ɗaya bai ce kan kuɗina ba, domin ba mu taɓa roƙa ba.

Ranar ba zan manta ta ba. Muna fitowa, mutumin nan da na ɗauke wa rabin hidimar auren 'yarsa ya miƙo mini hannu a gaban mutane, ya ce: "Ka ji dai da kunnenka, babu ciniki. In babu ciniki ina bashi ya fito?" Ƙafafuna suka ƙi ɗaukata, na zauna a gindin dalbejiya har la'asar ta wuce. Na koma gida matata tana kuka, ta rasa wanda za ta bai wa haƙuri. Har yau in za ta gidansu ba na tambayarta. Kuma miliyan 4 daga ciki a falonsa na ƙirga masa, hannu da hannu, babu takarda, daga baya ya rantse bai gan su ba. Na banki kawai na iya tabbatarwa.

Don Allah kada ka jira zaman sulhun dattawa kamar yadda na yi. Watannin da na ɓata ina bin limamin unguwarmu, shi yana can yana sayar da motarsa da filinsa. Lauya ya nema maka izinin alƙali a riƙe dukiyar wanda ya sayar maka, uwisiye (jami'in da ke kai takardun kotu da zartar da hukunci) ya je ya rubuta, amma ka shigar da ƙarar neman kuɗinka cikin wata ɗaya bayan riƙon, in ba haka ba riƙon ya faɗi. A kai masa takardar neman biya ita ma da wuri. Ribar da ka taɓa karɓa kuma ka faɗe ta da bakinka, ni sai da aka cire tawa.

Masu ce maka ka tafi kotun CCJA ta Abijan, wato babbar kotun OHADA, wata 2 ne kawai daga ranar da aka miƙa maka hukuncin, kuma ka tambayi kanka: kamfanin kake so ko kuɗinka? Ni ban je ba, sabuwar ƙara na shigar. Har yanzu gutsuri-gutsuri yake biyana, wani watan ma sai uwisiye ya buga masa ƙofa. Ka turo mana shafin ƙarshe na hukuncin, ka rufe sunaye, mu gani.