Wa ke da ikon buɗe maka kwali a hanya?

Malam, ka ce kwalin da aka aiko maka daga waje ya iso an farke shi an sake liƙewa da salatif, kana tambaya ko an taka maka haƙƙi. To fara duba salatif ɗin tukuna, akwai tambarin kwastam a jiki ko babu? Na daɗe ina aika kaya ina karɓa, kuma abin da na gane shi ne ba buɗewar ce matsala ba, waye ya buɗe kuma a ina.

In kwastam ne gaskiya ba ka da ta cewa sosai. Kaya in dai zai tsallake iyaka suna da hurumin dubawa ba sai da takardar izinin kotu ba, ko a Amurka da suke ji da sirrin mutum kotun ƙolinsu ta tabbatar da haka a 1977, a shari'ar wasu ambulan da suka fito daga Tailan aka samu hodar iblis irin ta heroin a ciki. Galibi sikana ce ke fara nuna musu, ko kare ya shinshina, ko kuma abin da mai aikowa ya rubuta a fom ɗin bayyana wa kwastam abin da ke cikin kaya, wato CN22 ko CN23, bai yi daidai da nauyin kwalin ba, mutum ya rubuta "kyauta" kawai alhali wayoyi ne cike, ai dole a buɗe.

Amma saƙon cikin gida ta gidan waya daban ne. Tun 1878 kotun ƙolin Amurka ta ce wasiƙa ko ƙunshin da aka liƙe tamkar yana cikin ɗakinka ne, sai da izinin alƙali. Sashe na 12 na kundin haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya na 1948 shi ma ya ambaci wasiƙu, sai dai kowace ƙasa da yadda ta tsara nata. Kuma fa cikin ne sirri, sunan mutum da adireshin da ke baya kowa na iya karantawa, sannan ana iya riƙe kayan a jira izini, an taɓa riƙe wasu ƙunshin kaya awa 29 a Amurka, a 1970 kotun ƙoli ta ce ba laifi.

Inda mutane ke shan mamaki shi ne kamfanonin aike masu zaman kansu. Takardar nan da ake sa hannu ba a karantawa, yawanci a ciki ka riga ka ba su damar buɗewa. Ma'aikatan Federal Express, wani kamfanin aike na Amurka, sun taɓa buɗe wani kwali da ya lalace suka ga farar hoda suka kira hukuma, a 1984 kotun ƙoli ta ce tsarin mulki gwamnati ya ɗaure wa hannu, ba kamfani ba.

Abin da ba wanda ke da ikonsa shi ne ya ɗauke maka kaya ba takarda. In wani abu ya ɓace ɗauki hoton kwalin ta kowane gefe, ka auna shi ka gwada da nauyin da ke rasit, kar ka yar da kwalin, ka kai ƙorafi a rubuce da lambar tirakin ɗinka (ta bin sawun kayan) da wuri don suna da wa'adi.