Tambayoyi da Amsoshi: Da Birtaniya Ta Sayar da Kamfanin Ruwan Jini

Tambaya: Likita, ina zaune a Manchester. Ɗana na da raunin garkuwar jiki, duk wata ana ƙara masa maganin da aka tace daga jinin mutane. An ce mini kamfanin da ke yin irinsa na gwamnati ne a da, aka sayar. Haka ne?

Amsa: Haka ne, 'yar'uwa, Allah ya ba yaro lafiya. Ruwan jini, wato filasma, shi ne ruwan nan mai launin rawaya da ƙwayoyin jini ke yawo a ciki, kusan kashi 55 cikin 100 na jinin mutum. Daga shi ake tace maganin ɗanki. A 2013 gwamnatin Birtaniya ta sayar wa Bain Capital, wani kamfanin zuba jari na Amurka, kashi 80 cikin 100 na kamfaninta na ruwan jini, Plasma Resources UK, kan kusan fam miliyan 230. Cinikin ya haɗa da masana'antar tace ruwan jini ta BPL da ke Elstree da cibiyoyin karɓar ruwan jini a Amurka. A 2016 aka sake sayar da kamfanin gaba ɗaya ga kamfanin Creat na China kan fam miliyan 820. David Owen, wanda tun yana ministan lafiya a 1975 yake neman ƙasar ta wadatar da kanta, ya soki cinikin farko, kuma ina tare da shi. Wannan magani sai an samu mutum ya miƙa hannu an ɗiba kafin a yi shi. Ranar da ya yi ƙaranci a duniya, gwamnati za ta fara duba majinyatanta, ɗan kasuwa kuwa zai duba inda farashi ya fi tsoka.

Tambaya: Na ji labarin gurɓataccen jinin da ya kashe mutane a Ingila. Ƙanena na da cutar rashin daskarewar jini. Ya daina karɓar maganin?

Amsa: Kada ya daina, don Allah. Abin ya faru ne a shekarun 1970 da 1980. Ana haɗa ruwan jinin dubban mutane wuri guda, wani daga Amurka inda ake saye har daga fursunoni, sai mai cuta ɗaya ya ɓata duka. Rahoton kwamitin Brian Langstaff na Mayun 2024 ya ce sama da mutum 30,000 sun kamu da ƙanjamau ko ciwon hanta nau'in C, kusan 3,000 sun rasu. Yanzu ana gwada mai bayarwa, a gwada ruwan jinin, sannan a kashe ƙwayoyin cuta da zafi ko sinadari, ko da wane ne mai kamfanin. Yawancin masu cutar ƙanenka a Birtaniya ma maganin da aka haɗa a ɗakin gwaji suke karɓa, ba na jinin mutum ba. Damuwata a kan wadata take. Tun ƙarshen shekarun 1990 ƙasar ta daina amfani da ruwan jinin 'yan ƙasarta saboda cutar haukan shanu, ta jingina da Amurka, inda ake biyan mutum ya bayar har sau biyu a mako. Sai 2021 aka ɗage haramcin.

Tambaya: Ina Kano da cikin fari, jinina O negatif. Wannan zance ya shafe ni?

Amsa: Ya shafe ki, hajiya. Allurar Anti-D da za a rubuta miki daga ruwan jini ake yin ta, kuma daga waje ake shigo mana da ita, shi ya sa take da tsada, wani lokaci ta ɓace a kasuwa. Ita ce ke hana jikinki yaƙar jinin jariran da za ki haifa nan gaba. A gwada jinin maigida tun yanzu. Idan nasa fositif ne, ana yin allurar wajen mako na 28, sannan cikin awa 72 bayan haihuwa idan jariri ya zo fositif, haka ma bayan ɓari ko zubar jini. Ki tanade ta tun kafin naƙuda, daga kantin magani mai firij, ki duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar wa'adinta.